Shaho Ya Rasu Bai Taɓa Barin Ƙasa Ba

Da zuciya mai nauyi, wadda baƙin ciki ya shiga amma bai samu ya cika ta ba, ni Malam Ɗayyabu, mai koyar da lissafi a Setapak, a madadin kaina da maiɗakina Indo da 'yarmu Hanan, nake sanar da 'yan'uwa mazauna Taman Melati da Danau Kota da sauran unguwannin Kuala Lumpur rasuwar jirginmu mai kujera biyu, wanda na raɗa wa suna Shaho, mutanen gida kuma suke kira Jimina. Ya cika ranar Larabar da ta wuce da hantsi, a filin wani gareji da ke hanyar Gombak, ɗaure da igiya a jikin bishiya, a gaban waɗanda suka yi sanadinsa. Ya rasu yana da kusan shekara biyu, kuma a tsawon rayuwarsa bai taɓa yin nisa da ƙasa fiye da yadda jak ɗin mota ya ɗaga shi ba.

Marigayin ya zo mana ne a cikin akwatunan katako, 'yan makonni kafin dokar kullen korona ta farko. Irin jirgin nan ne da kamfani ke yanka wa gaɓoɓi ya aiko da su, mai shi ya haɗa da hannunsa a gida. Wani abokin aikina da ya yi ritaya zai koma Ipoh ne ya sallama mini shi. Na lura da farin cikin da ke fuskar mutumin ranar da motar kaya ta bar ƙofar gidansa. Matarsa ma har bakin titi ta rako mu tana ɗaga hannu. A lokacin na ɗauka kirkin mutanen ƙasar ne.

Al'ada ce a faɗi alherin mamaci, kuma na zauna na yi tunani sosai don in sauke wannan nauyi. Na daɗe ina rubuta wa ɗalibai sakamako, ban taɓa rasa kalma mai daɗi ba ko ga wanda ya fi kowa barci a aji. Ga abin da na samo wa marigayin. Mai haƙuri ne, inda ka ajiye shi nan za ka dawo ka same shi. Mai bin doka ne, duk tsawon kulle ko sau ɗaya bai leƙa waje ba. Ba ya shan mai, sai sau ɗaya tak, kuma wannan ɗin ne ajalinsa. In an cire waɗannan, abin da ya rage a halinsa ci ne. Ya cinye rumfar mota, har motar Indo ta koma kwana a titi ruwan sama na dukanta. Ya cinye teburin cin abinci, domin a kansa aka shimfiɗa wutsiyarsa, mu masu gida muka sauko tabarma. Ya ci fatar yatsuna. Ya ci ƙusoshin ribit, ƙananan ƙusoshin nan da ake ɗinke falankin alminiyam da su, kamar kaza ta samu gero, kuma bai taɓa nuna alamar ƙoshi ba. Muryarsa a wancan zamani ɗaya ce, tak-tak-tak-tak, daga bayan karin kumallo har la'asar. Maƙwabcinmu, wani dattijo Bamalaye mai kawaici, da farko yakan leƙo ta katanga ya tambaye ni yaushe jirgin zai tashi. Daga baya ya koma tambayar yaushe mu za mu tashi.

Alheri ɗaya na gaske zan shaida masa, ko da yake ba da niyya ya yi shi ba. Hanan a nan ta girma. Ka yi mata magana da Hausa ta amsa maka da Turanci, ka matsa mata ta ƙara da Malayanci. Da aka rufe makarantu, aka rufe kulob ɗin da take koyon tuƙin jirgi, sai ta fara fitowa rumfa. Buga ribit aikin mutum biyu ne da ba sa ganin juna. Ni ina waje da abin bugawa, ita tana bayan falanki riƙe da ƙarfen da ke tare ƙusa. In ƙusa ta zauna daidai sai ta ƙwanƙwasa falankin sau ɗaya, in da saura ta ƙwanƙwasa sau biyu. Da wannan yaren muka gama wutsiya, muka gama gangar jiki, muka gama fiffiken hagu. Kowane rami sai mun auna mun sake aunawa, mun goge bakinsa. Ƙusar da ta karkace mu cire ta mu sa wata. Fiffiken hagu kaɗai ya ci mana fiye da rabin shekara. A cikin wannan aikin ne na yi mata alkawari cewa ranar da marigayin ya samu izinin tashi, ita ce za ta zauna a kujerar matuƙi. Ina roƙon masu ta'aziyya su riƙe wannan alkawari a ransu, domin duk abin da ya biyo baya a kansa yake.

Ciwon ajalin marigayin ya samo asali ne daga nawa ciwon. Wajen ƙarshen shekarar da ta wuce, daidai lokacin da aka fara sassauta doka, korona ta kama ni. Aka kwantar da ni a asibiti da robar iska a hanci, aka ɗaura wa Indo da Hanan abin hannun nan mai ruwan hoda na waɗanda aka killace, aka ce kada su fita ko ƙofar gida. A nan dole in tsaya in faɗi gaskiya. Jama'armu sun yi mana abin da ba kowane ɗan'uwa na jini ke yi ba. Kullum gari ya waye akwai leda rataye a ƙofarmu, yau tuwo, gobe waina, jibi madara da burodi. Zahraddeen, ƙanin Indo, bai tsallake rana ɗaya ba. Meshach, ɗalibina ɗan Filato, shi ya bi kanti-kanti har Brickfields yana nema wa Indo maganin hawan jini. Abdulmajid, shugaban ƙungiyarmu ta 'yan ƙasa mazauna nan, shi ke kiran asibiti yana damun ma'aikata har sai sun gaya masa ko na ci abinci. Ban manta ba, kuma ba zan manta ba.

Da ma a nan suka tsaya.

A garuruwanmu, in manomi ya kwanta ciwo da damina, ba a barin ciyawa ta cinye masa gona. Ana kiran gayya, samari su fito da fartanya, a dafa abinci, a buga ganga, a nome gonar a yini ɗaya. Abdulmajid ya tuna da wannan kyakkyawar al'ada. Ya duba ya ga Malam ba shi da gona a Kuala Lumpur, sai dai gaɓoɓin fiffiken dama da ke jingine a bango ba a haɗa ba. Aka sa sanarwa a wasap. Wata Lahadi, bayan an yanke wa iyalina abin hannu, Indo da Hanan suka tafi asibiti kai mini kayan sawa. Indo ta bar wa ƙaninta makulli, domin ya ce share rumfa za su yi. Maza fiye da goma suka hallara, kowa da takunkuminsa a haɓa. An kawo tukunyar shinkafa, an yo tapau, wato ƙunshi, na gurasar roti daga shagon mamak, masu sayar da abinci na unguwa, an kunna kiɗan noma a lasifika.

Kamar yadda ake yi a gona, suka rabu gida biyu don a yi tsere. Ɓangaren Zahraddeen suka faro daga gindin fiffike, ɓangaren Meshach daga ƙarshensa, wanda ya riga kaiwa tsakiya shi ne gwarzo. Mutanen sun haɗu a tsakiya kafin la'asar. Layukan ƙusoshinsu ne ba su haɗu ba, har yau. Akwai tazarar yatsa biyu a tsakaninsu, wadda aka toshe da ƙaron liƙe rufin kwano, domin Meshach ya taɓa taya kawunsa rufin gida a Bukuru, shi ya sa taron ya naɗa shi injiniya. Inda rami bai zo daidai da ɗan'uwansa ba, sun huda sabo kusa da shi. Inda sabon ma ya ƙi, sun huda na uku. Da suka ƙarar da ƙusoshin kamfani, aka aiki mai babur Danau Kota ya sayo na kanti, irin waɗanda ake kama hannun tukunya da su. Littafin umarni yana wurin, kuma ya yi amfani, domin a kansa aka ɗora tukunyar miya kada ta ɓata tayil.

Sannan aka zo kan gyara. Wani daga cikinsu, wanda har yau ba a samu mai amsa cewa shi ne ba, ya lura cewa waɗanda suka zana jirgin ba su san Bahaushe ba ya sauka garin mutane hannu rabbana ba. Jirgi guda, babu wurin tsaraba. Nan take aka yanka ƙofa a jikin fiffike aka yi masa akwati. Da wani dogon ƙarfe ya tare musu hanya a ciki, suka rage shi da zarto. Wannan ƙarfe shi ne ƙashin bayan fiffike, shi ke ɗauke da jirgi da wanda ke cikinsa a sararin sama. Aka sa wa ƙofar sakata da kwaɗo, saboda ɓarayi. Kafin su rufe falanki, kowa ya rubuta sunansa a ciki don tarihi.

Ranar da aka sallame ni, ina tafiya ina hutawa, na tarar da su cike da rumfa, an lulluɓe wani abu da zanin gado. Aka yaye zanin, aka ɗau tafi. Zahraddeen ya riƙo hannuna ya ce, "Yaya Malam, ka ga abin da ya ɗauke ka wata da watanni? Yini ɗaya, wallahi. We don finish am!" Meshach ya matso ya miƙo mini leda da hannu biyu, cikin ladabi. Haƙarƙarin fiffike ne guda biyu a ciki. Ya ce, "Sir, har ragowa aka samu. Kamfanin nan suna da ɓarna."

Na dubi fiffiken. Na hagu yana gefe a miƙe, ƙusoshinsa a jere kamar rubutun ɗalibi mai tsabta. Na dama a murɗe yake kamar busasshen kifi, fatarsa duk ƙuraje. Na dubi fuskokin mutanen da suka ciyar da iyalina ina kwance. Na ce Allah ya saka da alheri, Allah ya bar zumunci. Ina nan a kan wannan addu'a, amma ba saboda fiffiken na yi ta ba.

A wurin ne Abdulmajid ya yi jawabi, aka ɗauka a waya. Ya ce 'yarmu Hanan za ta zama ta farko da ta tuƙa jirgin da jama'arta suka ƙera da hannunsu. Kafin mako ya zagayo bidiyon ya isa Kano, ya isa Jos, 'yan'uwa suna kira suna sa albarka, mata sun fitar da anko na ranar tashi. Na yi ta jan lokaci irin na malami da bai gama duba jarrabawa ba. Wata Lahadi na gwada cewa akwai 'yan wuraren da zan so in sake dubawa a fiffiken. Sai fuskar Abdulmajid ta canza, ya ce, "Malam, ko aikin namu bai yi ba ne?" Meshach kuma ya buɗe tafin hannunsa inda kanta ta fito masa ranar gayya. Na ce ya yi.

Bayan sun watse, Hanan ta fito rumfa. Ta ɗora yatsa a layin ƙusoshin, ta ƙwanƙwasa falanki sau biyu. Ta matsa gaba ta sake ƙwanƙwasawa sau biyu. Haka ta bi shi har ƙarshe, babu inda ta ƙwanƙwasa sau ɗaya. Ta san abin da na sani. Sai ta juyo ta ce, da Hausa zalla ba gauraye, "Abba, in dai don kada ka ji kunyarsu ne, zan hau. Zan bi shi a hankali." Shekara da shekaru ina roƙon yarinyar nan ta yi mini jimla ɗaya cikakkiya da Hausa, kuma wadda ta zo ke nan. Indo tana tsaye a bakin ƙofa da tsumma a hannu. Ta ce, "Malam, ni dai 'ya ɗaya gare ni," ta koma ciki.

Sai na kira gwajin inji. Ƙa'ida ce a tayar da inji a ƙasa, jirgi a ɗaure, kafin a je neman izinin komai. Na gayyaci duk wanda ya sa hannu ranar gayya, kuma duk sun zo. Aka kai marigayin filin gareji a motar kaya, aka ɗaura masa fukafukansa biyu, aka zuba masa mai, aka ɗaure wutsiyarsa a bishiya. Zahraddeen ya cusa buhun shinkafa a akwatin tsaraba don a ga irin abin da yake ci, ya danna kwaɗo. Hanan ta nufi kujera. Na ce mata malami ke fara shiga aji, ta koma gefe ta tsaya kusa da uwarta.

Ga maganganun marigayin na ƙarshe, kamar yadda na ji su daga ciki. Kuf. Kuf-kuf. Sai gurrrr, farfela ta ɗauka, kuma a karon farko a rayuwarsa ya yi kama da jirgi. Jama'a suka ɗau tafi. Na ƙara masa wuta gwargwadon yadda littafi ya ce, ban rage ba ban ƙara ba. Sai ɓangaren dama ya fara magana. Fat. Fat-fat. Ƙusoshin tukunya suna tsalle kamar gugguru a kasko, masu tafi suna kare fuska. Ƙofar tsaraba ta ɓalle da sakatarta da kwaɗonta, ta haye katangar gareji, ta sauka a cikin ciyawa. Ita ce kaɗai gaɓar marigayin da ta taɓa tashi sama, kuma in za a yi adalci ta yi nisa mai kyau. Daga nan sai ƙiiii mai tsawo. Fiffiken dama ya lanƙwashe daidai inda zarto ya bi, ya durƙusa ƙasa a hankali kamar mai gaida surukai, shinkafa na tsiyaya ta ramuka na biyu da na uku. Na kashe inji. Ya ce tsss, bai ƙara cewa komai ba. Fiffiken hagu ko motsi bai yi ba.

Na ɗauka darasi ya shiga. Sai Zahraddeen ya zagaya gawar, ya shuri taya, ya ce, "Ƙaramin abu ne, Yaya Malam. Boleh lah, zai yiwu. Lahadi za mu taru, wannan karon da walda." Meshach ya ce ya san wani mai walda da ke yin ƙofofin gida masu kyau. Abdulmajid ya ce matsalar ƙarancin hannu ce, zai ninka mutane, kuma ba za a ɗaga ranar Hanan ba tunda an riga an ɗinka anko.

Na sauko a hankali. Na karɓi zanin gadon nan da aka yi bikin yayewa da shi, na lulluɓe marigayin tun daga hanci, na gaya musu ya cika. Zahraddeen ya ce ai injin lafiyarsa lau. Na ce ni ne mai shi, ni na rufe masa ido, jinya ta ƙare. Mutanenmu suna iya gardama da mai jinya har gobe, amma ban taɓa ganin wanda ya tsaya gardama da mai gawa ba. Ɗaya bayan ɗaya suka zo suka ba ni hannu suka ce in yi haƙuri. Na yi.

Marigayin ya rasu ya bar fiffiken hagu, maraya, cikin ƙoshin lafiya. Ya bar inji da farfela, waɗanda wani malamin tuƙi a kulob ɗin Hanan ya yarda zai riƙa. Ya bar haƙarƙari biyu da ba su taɓa shiga jikinsa ba, Indo tana shanya tsummokaran kicin a kansu, kuma a nan ne aka fara cin moriyarsa. Ya bar tabo a babban yatsana, da littafin umarni mai zoben miya a bangonsa, da maƙwabci wanda jiya ya gaishe ni da fara'ar da ban san yana da ita ba. Muna roƙon duk wanda marigayin ya hana barcin rana, ko ƙusarsa ta sama a goshi ranar Laraba, ya yafe masa. Bai san abin da yake yi ba, kuma ba shi kaɗai ba ne.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa da safe, a filin garejin da ya cika. An zaɓi Asabar ne da gangan, domin tana zuwa kafin Lahadi. Ni da Hanan kaɗai za mu shirya shi, mu kwance fiffiken hagu da inji, ba ma buƙatar taimako. Motar 'yan gwangwan za ta zo ta ɗauki sauran. Masu son ladan ɗaukar gawa an ware musu fiffiken dama, tunda sunayensu na ciki. Su ɗauka tare, da tafiya ɗaya, babu ɓangare biyu, babu tsere. Kowa ya zo da takunkumi, a kan hanci. Kada a zo da zarto, ko abin huda, ko mai walda. Matan da suka ɗinka anko suna iya sawa, kada ya yi asara.

Zaman makoki a gidanmu ne a Taman Melati, a rumfar mota, daga azahar zuwa la'asar, daga nan motar Indo za ta koma ɗakinta. Mai son kawo abinci ya kawo, a wannan fanni babu wanda ya kai ku, kuma ƙofar da kuka saba ratayawa tana nan. Za a rataye fiffiken hagu a bangon falo. Ana iya kallo, ba a taɓawa, kuma wanda ya hango inda za a yi masa gyara ya bar abin a ransa.

Ranar Lahadi kada kowa ya wahalar da kansa, gidan a rufe zai kasance. Za mu raka Hanan kulob, ni da uwarta, inda za ta ci gaba da darasinta a jirgin da wasu mutane suka ƙera can wata ƙasa, mutanen da ba su san mu ba, ba su ƙaunace mu ba, ba su taɓa rataya mana ko burodi a ƙofa ba, amma sun auna kowane rami.